Yaron da ke gaggawa a kan ganga: me ke gyara shi?

Mai buɗe zance: Malamai, mu haɗa abin da muka gani a aji. Yaro ya haddace waƙa, amma da an ba shi ganga sai ya wuce kowa da gudu. Yaya kuke yi?

Malamin firamare: A karɓe gangar daga hannun yaro tukuna. A ture bencina gefe, yara su cire takalma su yi da'ira. Malami na bugawa suna takawa, bugu ɗaya taku ɗaya. Kiɗa ya tsaya, kowa ya ƙame. Minti 10 ya isa. Amma a auna bugun da tafiyar yaran, ba ta malami ba. Ƙafarsu gajera ce, takunsu ya fi namu sauri, in aka ja kiɗan sai su dinga tangaɗi ana zaton rashin kunne ne.

Malamar aji uku: Haka ne, Malam. Kuma kada a ƙirga musu "ɗaya, biyu" da baki, muryar za su bi su bar gangar. Wasu ƙafar na kusa da su suke kallo, shi ya sa kullum suke makara kaɗan. A sa su juya wa juna baya, nan take za a gane mai saurare. 'Yan matan da suka saba gaɗa sun fi saurin kamawa, don tafi da taku sun riga sun zauna musu a jiki.

Malamin kwaleji: Abin da Emile Jaques-Dalcroze, wani malamin kiɗa ɗan ƙasar Switzerland, ya gani ke nan bayan ya fara koyarwa a Geneva a 1892: ɗalibai na karanta rubutun kiɗa, amma ba sa iya riƙe bugu. A tsarinsa malami ne ke kaɗawa da kansa yana kallon ɗalibai, ya rage ko ya ƙara sauri. Kiɗan waya ba ya jiran kowa, don haka bai dace da matakin farko ba. Kalangu kuwa ya dace ƙwarai: a matse shi a hammata sauti ya hau, yara su ɗaga hannu, a sassauta, su sauke.

Malamar aji uku: Ajin da ya cika fa, Malam?

Malamin firamare: A raba su, Malama. Goma sha biyar a tsakiya suna taku, sauran suna tafi a zaune, sai a musanya. Kada a haɗa wa yaro tafi da taku sai takun ya zauna, in ba haka ba ƙafa za ta koma bin hannu.