Tambaya: Yaya ake gane ainihin fim ɗin Chanis idan an sauya masa suna a kan kaset?

Mai_Adana_Kaset ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka daɗe suna bibiyar finafinan faɗa na Chanis. Kawuna ya yi shekaru yana sana'ar ba da hayar kaset ɗin bidiyo, kuma da ya bar sana'ar sai ya damƙa mini abin da ya rage a shagon. Burina shi ne in rubuta sunan kowane fim da shekarar da aka yi shi kafin in kwafe su zuwa kwamfuta, domin zaren wasu kaset ɗin ya fara yin fumfuna. Matsalar ita ce sau da yawa sunan da ke jikin kwali ba ya dacewa da abin da ke ciki, kuma idan na nema a intanet sai in tarar da wani fim daban, ko kuma in rasa shi gaba ɗaya.

Guda uku ne suka fi ɗaure mini kai. Na farko an rubuta masa Snake Fist Fighter, da hoton Jackie Chan a bango, amma a cikin fim ɗin wani lokaci yaro ne matashi ƙwarai, wani lokaci kuma ba a nuna fuskarsa sosai, har a faɗan ƙarshe an ɗaure masa idanu da ƙyalle. Na biyu kaset biyu ne na Bruce Lee, ɗaya Fists of Fury, ɗaya kuma Fist of Fury, waɗanda na ɗauka fim ɗaya ne sai na ga labarinsu ba ya haɗuwa ko kaɗan. Na uku kwalinsa ya yage, kalmar Ninja kaɗai ake iya karantawa, kuma a cikinsa akwai Turawa sanye da kayan ninja da suke magana ta wayar tarho da wasu 'yan Asiya waɗanda ba su taɓa haɗuwa da su a wuri ɗaya ba. Don Allah wanda ya san waɗannan, ko ya san hanyar da ake bi a gano irinsu, ya taimaka mini.

Dattijon_Majigi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri da ka yi tunanin adana waɗannan kaset, domin da yawa daga cikin irinsu an zubar da su tun lokacin da faifan CD ya karɓe kasuwa. Abu na farko da zan faɗa maka shi ne, a cikin duk shaidun da ke hannunka, sunan da ke jikin kwali shi ne mafi rauni. Ba kamfanin da ya shirya fim ɗin a Hong Kong ko Taiwan ne ya saka shi ba. Dillalin da ya sayi haƙƙin sayar da shi a Amurka ko Ingila ne ya zaɓi sunan da yake ganin zai jawo masu saye, wani dillalin a wata ƙasa ya zaɓi nasa, sannan masu kwafar kaset suka ƙara nasu a kai. Saboda haka fim ɗaya yana iya yawo da suna uku ko huɗu, suna ɗaya kuma yana iya hawa kan finafinai biyu.

Kaset ɗinka na Bruce Lee misali ne da aka fi sani a wannan harka. Fim ɗinsa na 1971, wanda kamfanin Golden Harvest ya fitar da sunan The Big Boss, shi ne aka nuna a Amurka da sunan Fists of Fury. Wanda ya biyo bayansa a 1972, mai suna Fist of Fury, shi kuma aka kira shi The Chinese Connection a can. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne an yi nufin ba wa na farkon suna The Chinese Connection saboda labarinsa na fataucin miyagun ƙwayoyi ne, don a ci albarkacin fim ɗin Amurka The French Connection da ya yi kasuwa a 1971, sai aka yi musayar sunayen bisa kuskure. Rarrabe su ba shi da wahala. Idan ka ga masana'antar ƙanƙara a ƙasar Tailan, da jarumin da ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin ba zai yi faɗa ba, to The Big Boss ne. Idan kuma ka ga birnin Shanghai, da ɗalibin da ya dawo ya tarar malaminsa ya rasu, ya shiga makarantar faɗa ta 'yan Japan shi kaɗai, to Fist of Fury ne. Ka kula da wani tarkon makamancin wannan idan ka ci karo da Return of the Dragon a cikin kayanka. Sunan yana nuna kamar ci gaban Enter the Dragon ne na 1973, alhali shi ne Way of the Dragon na 1972, wanda aka yi a birnin Rum tare da Chuck Norris, aka kuma sake masa suna a Amurka bayan rasuwar Bruce Lee a watan Yuli na 1973.

Shi kuwa na Jackie Chan, abin da idonka ya gani gaskiya ne. Asalinsa wani ƙaramin fim ne da ya yi tun yana matashi a farkon shekarun 1970, wanda aka fi sani da Little Tiger of Canton ko Cub Tiger from Kwang Tung, kuma bai yi wani tasiri ba a lokacinsa. Da Snake in the Eagle's Shadow da Drunken Master suka ɗaukaka shi a 1978, sai aka tono tsohon fim ɗin, aka yanke wasu sassa, aka ɗauki sababbi da Yuen Siu-tien, wato tsohon nan da ya fito a matsayin malaminsa a waɗancan finafinai biyu, aka kuma sa wani ya tsaya a madadin Jackie. Dalilin ɗaure idanu a faɗan ƙarshe ke nan, domin a ɓoye cewa ba shi ba ne. Wannan haɗin shi ake kira Master with Cracked Fingers, kuma Snake Fist Fighter ɗaya ne daga cikin sunayensa. Shawarata ita ce ka rubuta sunaye biyun a takardarka, ka kuma nuna cewa haɗi ne, domin wanda zai zo bayanka kada ya ɗauka cewa Jackie Chan ya yi wannan fim da yardarsa a 1979.

Hajiya_Mai_Nazari ta amsa:

Malam Dattijo ya gama magana a kan biyun farko, ni kuma zan taɓo na ukun. Siffar da ka bayar ta aikin kamfanin IFD ce na Joseph Lai, wanda darakta Godfrey Ho ya yi wa finafinai masu yawa a tsakiyar shekarun 1980, ko kuma ta kamfanin Filmark na Tomas Tang da ya bi irin wannan hanya. Abin da suke yi shi ne su sayi wani fim na Koriya ta Kudu, ko Taiwan, ko Tailan, ko Filifin, wanda ba a san shi a ƙasashen waje ba, su ɗauki 'yan mintuna na Turawa cikin kayan ninja a Hong Kong, su cusa su a tsakani, sannan su ɗora sabuwar murya ta Turanci da za ta sa labaran biyu su zama kamar ɗaya. Wayar tarho ita ce dabarar da ke ɗinke su, tunda mutanen ɓangarorin biyu ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ɗaya ba. Idan Baturen dattijo ne mai gashin baki, akwai yiwuwar Richard Harrison ne, ɗan Amurka da ya yi aiki a Italiya shekaru da dama, wanda daga baya ya koka cewa an yi ta maimaita hotunansa a finafinan da bai san da su ba.

A irin wannan fim, tambayar tana rabuwa biyu, domin akwai sunan haɗin da IFD ta fitar, akwai kuma sunan fim ɗin asali da aka yanka, kuma na biyun shi ne mai wuyar samu. Kada ka dogara da jerin sunayen da ke farkon fim ɗin, saboda an sha ƙirƙirar sunayen Turawa a liƙa wa 'yan wasa da daraktoci don kaset ya yi kama da na Amurka. Ka faɗa mana abin da ake rikici a kansa a ɓangaren ninja ɗin, da duk wani abu na daban da ka lura da shi a ɗakin Baturen.

Injiniya_Bidiyo ya amsa:

Tunda ka ce kaset ɗin suna da yawa, bari in ba ka hanyar da za ta yi maka aiki a kan sauran. Ka fara da daƙiƙun farko na fim ɗin, kafin sunan ya fito. Garkuwa mai ɗauke da haruffan SB tambarin Shaw Brothers ce, kuma idan ka gan ta aikinka ya yi sauƙi, domin kamfanin Celestial Pictures ya sayi finafinansu 760, ya gyara su, ya sake fitar da su daga 2002 da sunayensu na asali. Tubala huɗu masu launin zinariya da ke haɗuwa su zama harafin G na Golden Harvest ne, wanda Raymond Chow da Leonard Ho suka kafa a 1970, saboda haka fim ɗin da suka shirya ba zai girmi wannan shekara ba. Bayan tambari sai ka duba yadda sunan ya fito. Idan hoton ya tsaya cak, ko aka sa baƙin allo da rubutun da bai yi kama da sauran rubuce-rubucen ba, ko kiɗan ya yanke ya dawo, to dillali ne ya cire sunan asali ya dasa nasa. Sau da yawa sukan manta da rubutun Chanis ɗin da ke sama ko a ƙarshen fim. Idan ka same shi, ka tsayar da hoton, ka ɗauka da waya, ka sa manhajar da ke karanta rubutu ta fitar maka da haruffan, sannan ka neme su a rumbun Hong Kong Movie Database. Wannan shi ne sunan da ba kasafai yake canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa ba.

Idan babu rubutun, sai ka koma ga fuskoki. A nan akwai abin da ke ruɗa mutane, wato mutum ɗaya yana da rubutun suna fiye da ɗaya, gwargwadon ko an bi lafazin Kantonis ko na Mandarin. Lau Kar-leung shi ne Liu Chia-liang, kuma Gordon Liu shi ne Liu Chia-hui, shi ne Lau Kar-fai. Su biyun ne suka yi The 36th Chamber of Shaolin a 1978, wanda za ka iya samu a kaset da sunan Master Killer. Haka King Boxer na 1972, wanda Lo Lieh ya fito a matsayin jaruminsa, ya shiga Amurka a 1973 da sunan Five Fingers of Death. Ni na fi amincewa da fuskar bos da ta ƙananan 'yan wasa a kan ta jarumi, domin hoton jarumi ne dillalai suke yi wa ƙarya a bango, musamman a zamanin da masu kwaikwayon Bruce Lee irin su Bruce Li da Bruce Le da Dragon Lee suka cika kasuwa. Idan ka gane mutum biyu ko uku a fim, ka kwatanta jerin finafinansu, inda suka haɗu ba zai wuce kaɗan ba.

Sai dai ka yi hattara da tsawon fim. Kaset ɗin da aka yi amfani da su a Nijeriya na tsarin PAL ne, mai gudu da hoto 25 a daƙiƙa, alhali fim ɗin silima 24 ne, saboda haka fim mai minti 90 zai ƙare a wajen minti 86 ba tare da an yanke komai ba. Idan kuma an kwafo kaset ɗin daga na Ingila, to hukumar tace finafinai ta can ta riƙa cire wuraren da aka yi faɗa da sandunan nan biyu masu sarƙa a tsakani har zuwa 1999, kuma finafinan Bruce Lee na cikin waɗanda abin ya shafa. Bambancin 'yan mintuna kaɗai bai isa ya sa ka ce wani fim ne daban ba.

Mai_Adana_Kaset ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na duba na Bruce Lee, kuma mai suna Fists of Fury shi ne na masana'antar ƙanƙara kamar yadda Malam Dattijo ya bayyana. Hajiya, a fim ɗin ninja ana rikici ne a kan wani gunkin zinariya da aka raba gida uku. Baturen mai gashin baki yana da wayar tarho mai siffar kyanwar nan Garfield, kuma akwai wani ɗan mutum-mutumin wasan yara da ke kawo saƙon barazana. A ɗaya ɓangaren kuma bos ɗin yana sanye da gashin kanti mai ruwan zinariya, kuma gwanin harbi da ƙafa ne.

Hajiya_Mai_Nazari ta amsa:

To, wannan Ninja Terminator ne na IFD, na 1985, kuma Baturen Richard Harrison ne. Bos ɗin mai gashin kanti shi ne Hwang Jang-lee, ɗan Koriya, wanda ka riga ka san fuskarsa domin shi ne abokin gabar Jackie Chan a Snake in the Eagle's Shadow da Drunken Master, kuma a wasu kaset ana rubuta sunansa Wong Cheng-li. Ɓangaren da yake ciki an yanko shi ne daga wani fim na Koriya ta Kudu na 1984 da ake kira The Uninvited Guest of the Star Ferry. Ka kula kada ka haɗa shi da Golden Ninja Warrior, wanda IFD ta fitar bayansa da labarin gunkin zinariyar, domin a wancan fitowar Harrison kaɗan ce. A takardarka ka ware gurbi huɗu ga kowane kaset: sunan da ke kwali, sunan da ya fito a allo, sunan asali tare da shekararsa, da kuma sunan kamfanin da ya buga kaset ɗin, irin su Ocean Shores na Hong Kong, idan yana nan a jiki. Ka kuma ɗauki hoton kwalin gaba da baya kafin ka goge fumfunar, sannan ka turo mana sauran da suka gagare ka tare da hoton fuskar bos ɗin kowanne.