Shawarwari Kan Rabon Izini Tsakanin Kwantenonin Manhaja

A wata tattaunawa da wasu masu harhaɗa manhaja suka yi a Samaru, Zariya, an duba yadda za a tafiyar da kwantenoni (keɓaɓɓun wuraren da manhaja ke aiki a cikin kwamfuta) da yawa a Docker Compose, manhajar da ke tsara su tare, alhali ɗaya kawai ke buƙatar babban iko.

Mahalarta sun amince cewa ana ba kowace kwantena izininta daban a cikin fayil guda, don haka babu dalilin ɗaga darajar dukkansu saboda guda ɗaya. An fi daɗewa a kan saitin privileged, wanda ke buɗe wa kwantena dukkan iko da na'urorin kwamfutar da ke ɗauke da ita. Tunda kwantenoni suna tarayya a kan zuciyar Linux ɗaya (kernel, ginshiƙin tsarin da ke sarrafa kwamfutar), wanda ya kutsa cikin irin wannan kwantena ya kusa mallake kwamfutar baki ɗaya. Abin da aka fi so shi ne a cire duk iko da cap_drop, sannan a mayar da wanda ake buƙata da cap_add, kamar NET_ADMIN (ikon sarrafa hanyar sadarwa) ga kwantenar VPN.

Sauran kwantenonin su yi aiki da asusun da ba root (asusu mai cikakken iko) ba, a kuma ware rumbun bayanai a kan hanyar sadarwarsa ta ciki.

Gargaɗin da na ga ya fi muhimmanci ya shafi docker.sock, fayil ɗin da ake ba Docker umarni ta cikinsa, domin duk kwantenar da aka haɗa da shi tana iya ƙirƙirar wata mai cikakken iko, ko da ita kanta an taƙaita ta.