Musayar waƙa: Chloe ko garin Arcadia Bay?

Ɗan Fagge: Daren jiya na gama wasan bidiyon Life is Strange, kashi biyar ɗin duka. A ƙarshensa Max, yarinyar da kake wasa da ita, dole ta zaɓi wanda za ta ceta: ƙawarta Chloe ko garin Arcadia Bay. Wasan tun 2015 ya fito, ni sai yanzu. Ga tawa:

Na zaɓi Chloe, na bar gari ya sha iska,
Guguwa ta zo ta kwashe gida da taska,
Aminiya guda ta fi min dubun fuska,
Mai musu ya fito fili, fitila ta haska.

'Yar Damagaram:
Ɗan Fagge, ba a san ka da tausayi ba,
Joyce mai abinci ba ta cuce ka ba,
Uwar Chloe ce, ko ba a gaya ma ba?
Ka ja mota ka fice ba ka waiwaya ba,
To ai ko kuɗin katina ba ka biya ba.

Baban Ummi: Kai! Ta gama da kai. Damagaram ba a ja da ku.

Ɗan Fagge:
Da ina da hannun Max mai mai da lokaci baya,
Ranar rancen nan zan koma in canza hanya,
Ke da kika bar Kate ta faɗo daga saman bene kina kallo jiya-jiya,
Yau kin zo wa'azin tausayi, babu kunya.

Na-Arulu: Layin waƙarka na uku ya karye, malam. Ya fi 'yan'uwansa tsawo kusan ninki biyu. Kari ba roba ba ne.

Sarkin Samari: Malam, bar mana arulu, nan ba aji ba ne. Fagge gaba dai!

Na-Arulu: Rera shi da baki ka ji inda numfashinka zai tsaya.

Baban Ummi: Shi Sarkin Samari ko tusa Bakano ya yi sai ya ce turare.

'Yar Damagaram: Na makara, wuta aka ɗauke. Kuma a saman benen nan ikon Max ba ya aiki, sai dai lallashin Kate, 'yar makarantarsu, kowa ya sani.

Shekara biyar Max na Seattle ba ta kira ba,
Uban Chloe ya rasu ba ta zauna makoki ba,
Halinku ɗaya, shi ya sa ba ka ga laifinta ba.

Na-Arulu: Uku kawai? Ɗazu biyar kika yi.

Ɗan Fagge: Turo lambar asusu, Hajiya. Amsa sai bayan Isha'i.