Me za mu kira “bayosensa” da Hausa?

1. Jama'a, ina neman taimakonku kan kalma ɗaya. Duk mai ciwon suga da ke huda yatsa ya ɗiga jini a kan ɗan tsinken gwaji, bayosensa yake riƙe da shi, amma har yau “na'urar gwaji” kawai muke cewa. Ai ma'aunin zafi ma na'urar gwaji ce, haka abin awon hawan jini. Sunan ya yi wa abin yawa.

2. Kafin mu raɗa suna, mu san jaririn. Abin sassa biyu ne. Na farko daga jikin mai rai ake samo shi, kamar enzayim (sinadarin da ke hanzarta sauya wani abu a cikin jiki) ko sinadarin garkuwar jiki, kuma abu guda tak yake ganewa cikin dubban abubuwan da ke cikin jini. Na biyu shi ke mayar da wannan ganewar ta zama lantarki, ko haske, ko launi, har ido ya karanta.

Leland Clark, masanin kimiyya ɗan Amurka, shi ya buɗe wannan hanya. A shekarun 1950 ya ƙera abin da ke auna iskar oksijin a cikin jini, don amfanin masu tiyatar zuciya. A 1962 shi da Champ Lyons suka kawo dabarar liƙa wani enzayim mai cin suga a bakin na'urar. Enzayim ɗin ba ya cin suga sai ya haɗa da oksijin, don haka gwargwadon raguwar iskar, gwargwadon yawan sugan. A 1975 aka fara sayar da injin awon suga da aka gina kan wannan dabara, kuma tsinken gwajin da ke hannun miliyoyin mutane yau jikansa ne. Mutumin da aikinsa ya kai nan, ya kamata mu iya ba da labarinsa da harshenmu ba tare da inda-inda ba.

3. Yanzu sai sunayen da wasu daga cikinku suka kawo. Malama, na ga shawararki ta “ma'aunin halitta”. Tana da daɗin faɗa, sai dai ba kowane bayosensa ke ba da adadi ba. Tsinken gwajin ciki layi ɗaya ko biyu yake nunawa, akwai ko babu. Wannan bai auna komai ba, ganowa ya yi.

4. Wanda ya kawo “majiyi”, ka bi ƙa'ida daidai, amma 'yan jarida sun riga mu. Da an ji shi, “majiya mai tushe” za ta faɗo a rai. “Ganau” kuwa na so shi ƙwarai, matsalarsa ita ce ganau mutum ne mai ba da shaida, kuma ba shi da jam'in da zai zauna a littafin makaranta.

5. Ga tawa: mashinshini, jam'i mashinshinai. Daga shinshina, a kan tsarin mabuɗi, madubi, matsefi. Dalilina shi ne hanci ma haka yake aiki: a cikinsa akwai sunadaran da kowannensu ke kama irin nasa sinadari, sannan jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. Ganewa da isar da saƙo, sassan nan biyu ke nan cif.

Na gwada kalmar a kan aikin Roger Tsien, wani masanin kimiyya ɗan Amurka, domin nan ne wuri mafi wuya. Nasa ba na'ura ce da ake riƙewa a hannu ba. Sinadarai ya ƙirƙira waɗanda ake sakawa cikin ƙwayar halitta mai rai, idan kalsiyam ya ƙaru sai haskensu ya sauya, mai bincike yana kallo ta madubin ƙara girma. Daga baya ya sarrafa koren furotin mai ƙyalli, wanda Osamu Shimomura ya fara cirowa daga wata halittar teku a 1962, ya fitar da launuka daban-daban. Su biyun da Martin Chalfie suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2008. To, “na'ura” ba za ta ɗauki wannan ba ko kaɗan. Amma a ce “ya dasa mashinshinin kalsiyam a cikin ƙwayar jijiya”, jimlar ta zauna daram.

6. Malam, gyaranka ya karɓu: akwai masu gano hayaƙi ko gas waɗanda babu komai na mai rai a jikinsu. Sai mu bar mashinshini ya zama sunan dangin duka, bayosensa kuma ya zama mashinshinin halitta. A magana ta yau da kullum a jingina shi da abin da yake nema: mashinshinin suga, mashinshinin ƙwayar cuta, mashinshinin guba a ruwa.

7. Saura wadda ta fi ba ni wahala: fannin su Tsien, inda ake amfani da dabarun haɗa sinadarai don binciken abin da ke gudana cikin mai rai. Na rubuta “nazarin halittu ta hanyar sinadarai”, amma ya yi tsawo, kuma dole ya bambanta da fannin nazarin sinadaran jiki da aka saba koyarwa. Masu koyar da kimiyya, ku kawo taku.