Aikin rukuni ya kayar da ni sau biyu a ranar tantancewar kamfanin lauyoyi

Assalamu alaikum. Ina shekara ta biyu a karatun lauya a Ingila. Sau biyu kamfanonin lauyoyi a Landan suna kirana ranar tantancewa don gurbin koyon aiki na hutun bazara, kuma wuri ɗaya nake faɗuwa.

Jarrabawar Watson Glaser ta auna zurfin tunani da tantance hujja, tambaya 40 cikin minti 30, na haye ta. Hira da babban lauya ma ba laifi. Aikin rukuni ne ya gagare ni: mu shida, an ba mu takardun kamfanin da zai sayi wani, mu ba da shawara. Karon farko na yi ta jiran kowa ya gama magana, yadda aka tarbiyyantar da mu, har lokaci ya ƙare, hujjata kan bashin kamfanin tana kwance a takarda. Suka ce ban ba da gudummawa ba. Na dawo na yi atisaye da abokai, na shiga da ƙarfi. Wannan karon kuma wai ina katse mutane.

Saura kwana 9 a yi na uku. Don Allah waɗanda suka haye, yaya kuke shigar da maganarku idan mutum biyu suka kankane tattaunawar, ba tare da an ce kun yi katsalandan ba?