Neman kalma: me za mu kira lasisin masu ajiye tsofaffin bindigogin soja?

Mai Shirin Yamma: Assalamu alaikum. Ina da rahoton da zai fita ƙarfe biyar, kan lasisin da Amurka ke ba masu ajiye tsofaffin bindigogin yaƙi don sha'awa. Sunansa a can Curio and Relic, hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi ke bayarwa, dala 30 na shekara uku. Mai shi na iya sayen bindigar da ta kai shekara 50 da ƙerawa daga wata jiha, a aiko masa har gida. Sai dai ba a yarda ya mayar da abin kasuwanci ba, kuma dole ya riƙe littafin da yake rubuta wadda ta shigo hannunsa da wadda ta fita. Na sa "lasisin tara tsofaffin bindigogi", edita ya dawo min da takardar. Ku taimaka.

Ɗan Fagge: Editanki ya yi gaskiya. A wannan zamanin ki ce "tara bindigogi" a rediyo? Mai saurare a Zamfara ba mai sha'awar tarihi zai hango ba, mai kai wa 'yan daji kaya zai hango. Ki ce "lasisin adana bindigogin tarihi".

Malama Hausa: Adana ya fi tara, amma "tarihi" ya yi nauyi. Shekara 50 ɗin nan tafiya take yi, ba a tsaye take ba. Bindigar da aka ƙera a 1970 ma ta shiga. Ni da na girme ta kayan tarihi ce ni ke nan? Ina ganin "bindigogin da".

Ɗan Fagge: Hajiya, a rubuce "bindigogin da" sai mai karantawa ya tsaya jiran ƙarashen jimla. Bindigogin da suka yi me?

Malama Hausa: Rediyo ne, ɗana. Karin sauti zai raba gardama.

Sarkin Nahawu: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Matsalar ba ta bindigar ba ce, ta mutumin ce. Muna da taska, muna da taskace. Mai yin aikin shi ne mataskaci, mace mataskaciya, jam'i mataskata. Kamar marubuci daga rubuta. "Lasisin mataskatan bindigogi." Na daɗe ina amfani da ita a aji kan masu tara tsofaffin kuɗi da kan sarki.

Mai Shirin Yamma: Malam, ginin ya yi daidai, amma zan iya faɗar mataskatan sau huɗu cikin minti biyu harshena bai harɗe ba?

Sarkin Nahawu: Da aka fara cewa ma'aikatar ma haka aka yi ta kuka.

Na Damagaram: Ni abin da ke ba ni mamaki, kuna ta faɗa kan tara da taskace, kun bar lasisi zaune daram. Wannan Hausa ce? Mu nan ba mu san ta ba sai a gidajen rediyonku. A ce takardar izini, kowa ya gane daga Agadas har Kumasi.

Ɗan Fagge: Ku da kuke cewa parmi, aron Faransanci? Kowa da Baturensa, aboki.

Na Damagaram: Shi ya sa ban kawo parmi ba. Na kawo izini.

Malama Hausa: Izini Larabci ne. Bindigar ma daga Larabci ta zo. In tsarkakewa za a yi, sai mu koma kwari da baka.

Na Damagaram: Aron da ya shekara ɗaruruwa a gida ya zama ɗan gida. Ba daidai yake da na jiya ba. Kuma abin da ke damuna shi ne duk kalmar da Kano ta ara sai ta zama "daidaitacciya", wadda muka ara mu kuma a ce karin harshe ne.

Sarkin Nahawu: Wannan ne ma dalilin mataskaci. Ba ta Ingila ba ce, ba ta Faransa ba, ba ta Makka ba.

Ɗan Fagge: Ba kuma ta kasuwa ba ce. Je Kurmi ka ce kai mataskaci ne, ka ga ko ba za a nuna maka mai gyaran akwati ba.

Baba Kofur: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Ni dai ban san nahawu ba, amma na riƙe abin da kuke magana a kai. Lee-Enfield, mai cin harsashi goma, wadda ake ja wa ƙarfe baya a tura gaba kafin kowane harbi. Da irinta iyayenmu na runduna ta 81 da ta 82 suka yi yaƙin Bama. Kada ki bari mai saurare ya ɗauka adaka ce ko harbi-ka-ruga ta maharba. Kuma kada ya ɗauka ado ce ta rataye a bango. Tana harbi yau kamar jiya, su Amurkawan ma fita suke da tsofaffin bindigogi irin su M1 Garand da Mosin-Nagant filin gwajin saiti. Sa kalmar soja a ciki, 'yata.

Mai Shirin Yamma: Na gode Baba. Wannan ya taɓo sakin layi na biyu, inda ake kwatanta da Birtaniya. A can bindigar da aka ƙera kafin 1 ga Satumba 1939, wadda harsashinta ke cikin jerin waɗanda aka daina yayinsu, ana iya ajiye ta ba takarda in don kallo ne kawai. Ranar da ka so harba ta, sai da takardar 'yan sanda. Ita Lee-Enfield ba ta ma cikin wannan sassaucin, don harsashinta na .303 yana nan a kasuwa. A Amurka kuwa wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan dokar tarayya ta 1968 ba ta buƙatar lasisi a kanta. Ke nan ina da aji biyu, kalma ɗaya ba za ta ɗauke su ba.

Malama Hausa: To ga inda "tarihi" ya samu gurbi. Na kafin 1899 da na kallo a Birtaniya, bindigogin tarihi. Na shekara 50, tsofaffin bindigogin soja.

Ɗan Fagge: Ba duka ne na soja ba a dokar, amma tunda rahoton kansu yake, na yarda. Ki kuma ƙara jimla ɗaya cewa a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai .303 cikin haramtattu, sai da amincewar shugaban ƙasa. Kar wani ya ji shirin ya tafi caji ofis neman fom.

Sarkin Nahawu: Shi mutumin fa? Har yanzu ba ku ba shi suna ba.

Mai Shirin Yamma: "Masu adanawa don sha'awa." Ga abin da zan karanta: lasisin adana tsofaffin bindigogin soja don sha'awa. Zan ce takardar izini a karo na biyu saboda masu saurarenmu na Nijar.

Na Damagaram: A karo na biyu. To, mun gode da ragowa.

Sarkin Nahawu: Kalma bakwai a inda uku suka isa. Wannan bayani ne, ba suna ba. Ni dai mataskaci zan ci gaba da koyarwa, in kwamitin ƙamus ya zauna mu haɗu can.

Mai Shirin Yamma: Allah ya kai mu, Malam. Edita ya sa hannu, amma ya goge "don sha'awa", wai lokaci. Na shiga situdiyo.