Makaranta ta koma karatu ta waya: yara uku, waya ɗaya

Maman Yara, Aboabo (Ghana):
Assalamu alaikum. Makarantar yaranmu ta aiko da saƙo cewa daga Litinin za a yi karatu daga gida ta Zoom da WhatsApp har a gama gyaran rufin azuzuwa. Yara uku ne: aji 2, aji 5, sai babbar da ke JHS 3 (ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare) tana shirin jarrabawar kammalawa ta BECE. Waya ɗaya ce a gidan, kuma da ita nake karɓar MoMo (kuɗin da ake turowa ta waya) a kasuwa. Don Allah data nawa zan saya, yaya kuma zan raba musu wayar?

Mai Gyaran Waya, Alabar:
Wa alaikumussalam Hajiya. Ki fara cire layin MoMo ki saka a ƙaramar waya mai maɓalli, tunda *170# da ake dannawa don MoMo ba ya buƙatar intanet. Babbar wayar ta zauna a gida da wani layin na data kawai.

Zoom da bidiyo yana iya cinye kusan gigabait 1 a awa ɗaya. In aka rufe kyamara ana jin murya kawai, abin da zai ci ya ragu sosai. Amma yawanci ba darasin ne ke ƙarar da data ba. Ki shiga saitin WhatsApp ki hana shi sauke hotuna da bidiyo da kansa, domin iyaye na tura abubuwa barkatai a rukunin aji. Ki hana Play Store sabunta manhajoji da data. Kada ki sayi data na wata guda tun farko, sayi kaɗan ki duba abin da kwana 3 suka ci. Saboda dumsor (yawan ɗauke wuta), ki nemi fawa bank mai 10,000mAh. Zai cika wayar kamar sau 2, don wani kason wutar yana salwanta wajen caji.

Malamar Firamare, Asawase:
'Yar'uwa, kada ki raba wayar daidai. Mai BECE ce ke buƙatar darasi kai tsaye, musamman lissafi da kimiyya, inda za ta yi tambaya nan take. Ɗan aji 2 ba ya iya zama gaban waya minti 40 hankalinsa na wurin. Ki roƙi malamansu su turo saƙon murya na minti 5 da hoton aikin, yaran su kwafe a littafi, wayar ta koma hannun yayarsu.

Da Shugaba Akufo-Addo ya rufe makarantu daga 16 ga Maris 2020 saboda annobar korona, an kawo tashar darussa ta talabijin, Ghana Learning TV, amma yawancin 'yan firamare ba su koma aji ba sai Janairu 2021. Waɗanda suka fi ja baya su ne waɗanda ba mai buɗe littafinsu a gida. Ko ba ki iya Turanci ba, ki duba kwanan wata da yawan abin da aka rubuta, ki sa yaro ya karanta miki da ƙarfi.

Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40. Yara kan ɗauka an tashi ke nan, alhali sake shiga ake yi. Hoton aiki kuma a ɗauka a hasken rana, littafin a shimfiɗe, in ba haka ba rubutun fensir ba ya fita.

Baban Ɗalibai, Sawaba:
Hajiya, a gidan haya da wuya a rasa yaro ɗan ajinsu. Su haɗu kan waya ɗaya, iyaye su raba kuɗin data. Ku kuma gaya wa malamin makarantar allo da wuri, kada lokutan su ci karo. Sannan ki ja kunnensu: duk wanda ya kira ya ce shi malami ne, a turo masa lambobi 6 da suka shigo wayar, ɓarawon WhatsApp ne. Kada su bayar, su jira ki dawo.